Jariri ya zo ba rai a asibiti: wa za a tambaya, kuma ta wace ƙofa?

Ƙanwata ce, haihuwar fari, kuma ba irin waɗanda ake cewa sun ƙi awo ba ce, katinta cike yake tun wata huɗu, duk ranar da aka ce ta dawo ta dawo, maganin ƙarin jini ta sha, sikanin ta yi har sau biyu. Da naƙuda ta taso mata bayan la'asar muka ɗauke ta a Keke muka kai ta wani asibiti a nan Gusau, ba zan faɗi sunansa ba. Nas ta kafa ɗan mazurarin nan a cikinta ta saurara tace lafiya lau yaro na nan da ransa, da saura dai, a yi ta zagaye. Nas biyu ne a ɗakin haihuwa daren nan, mata kuwa har a tabarma. Wajen sha ɗaya na dare faya ta fashe, ruwan ya fito kore-kore mai kauri, Innarmu ta gani da idonta ta je ta faɗa, aka ce mata "Hajiya ku koma waje, ba yau muka fara karɓar haihuwa ba." Ba a sake sauraren cikin ba sai wajen biyu da rabi, sannan ne hankalin kowa ya tashi, aka kira likita, likita yazo yace aiki za a yi yanzu yanzu, aka miƙo wa mijinta takardar kayan da zai sayo da ledar jini biyu da zai nemo, a tsakar dare, a garin da kowa ya san yadda fita take da dare. Ba a shiga tiyata ba sai da aka yi kiran assalatu. Namiji ne, ƙato, fatarsa sumul kamar mai barci. Aka naɗe shi a zanin atamfar da Inna ta zo da shi don goyo aka miƙa wa uban, kafin hantsi an rufe shi.

Kwana uku bayan nan na ɗauko maganar a gida, ban ma ce kotu ba, cewa kawai nayi ya kamata a je a tambaya me ya faru tsakanin sha ɗaya da biyu da rabi. Kawu ya dube ni yace "Kai ɗan nan, gidan ga ba a shari'a da ƙaddara. Allah yab ba da, shi yak karɓe abu nai. Tunda uwar ta tashi ai sai godiya." Nayi shiru don ba a ja da Kawu a gaban mutane, amma tun ranar nake bin maganar, na zauna da lauyoyi, na zauna da ungozomomin asibiti, na zauna da malamai, kuma abin da na tattaro shi nake so in shimfiɗa a nan, don na san gidaje da yawa daga Kaura Namoda har Anka sun taɓa karɓar irin wannan ƙunshin zanin.

Abin ba ƙarami ba ne. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2020 ya ce jarirai kusan miliyan 2 ake haifa ba rai duk shekara a duniya, ɗaya kenan duk sakan 16, kuma ƙasashe shida ne ke ɗauke da kusan rabin adadin, Najeriya na cikin ukun farko tare da Indiya da Pakistan. Abin da ya fi tsaya min a rai a rahoton shi ne sama da kashi 40 cikin 100 na waɗannan jariran lokacin naƙuda suke mutuwa, wato sun yi wata tara lafiya, sun iso bakin ƙofa da ransu. A lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya daga sati 28 ake ƙirga shi a matsayin haihuwar da ba rai, ƙasa da haka mu a nan ɓari muke cewa.

To amma bari in fara da adalci ga ma'aikata, don idan ban yi ba maganata ba ta da nauyi. Ba duk jaririn da ya zo ba rai ne sakaci ba. Akwai wanda ya mutu a ciki kwana biyu ko uku kafin a zo asibiti saboda hawan jinin da ba a gano ba, ko zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon suga, ko mabiyiya ta rabu da mahaifa farat ɗaya jini ya ɓalle, wani kuma ko a asibitin da ya fi kowane kyau a duniya ba a gano dalili. Akwai wadda ta kwana biyu tana naƙuda a gida ana ba ta rubutu da jiƙe-jiƙe, miji baya nan ba mai ba da izinin fita, ko tana can wajen Ɗansadau ko Zurmi hanya ba ta biyuwa da dare saboda ɓarayin daji, kafin a iso ɗan ya riga ya tafi. Masana lafiyar mata suna kiran wannan jinkiri uku: jinkirin yanke shawarar tafiya, jinkirin hanya, da jinkirin samun kulawa bayan an iso. Na farko da na biyu namu ne da na gwamnatin da ta kasa tsare hanya. Na ukun shi ne inda maganar haƙƙi a wuyan asibiti take, kuma a kansa kaɗai nake magana.

Ta yaya ake bambancewa? Wata tsohuwar ungozomar asibiti da ta yi ritaya ce ta buɗe min ido. Tace jikin jaririn da kansa shaida ne. Idan ya daɗe da mutuwa a ciki fatarsa takan saɓule, jikin ya yi laushi, launinsa ya canza, idan kuwa ya fito fatarsa lafiya ƙalau to alama ce mai ƙarfi cewa bai daɗe da rasuwa ba, galibi cikin naƙudar ne. Sannan akwai takardar bibiyar naƙuda da ake cewa fatograf, wadda a ƙa'ida da zarar naƙuda ta kankama ana sauraren bugun zuciyar jariri aƙalla duk minti 30 a rubuta, idan an zo nishi kuma duk bayan 'yan mintuna, ana duba buɗewar bakin mahaifa duk awa 4, ana auna jinin uwa. Bugun lafiyayyen ɗan tayi tsakanin 110 ne da 160 a minti ɗaya, idan ya yi ƙasa ko ya haura, ko ruwa ya fito kore saboda jaririn ya yi kashi a ciki, wannan ƙararrawa ce cewa yana iya kasancewa cikin wahala, sai a matsa sa ido ko a ciro shi. Inda ran jariri ke cikin haɗari na gaggawa, mizanin da likitocin haihuwa ke nema shi ne kamar minti 30 daga yanke shawarar aiki zuwa fito da shi. Namu ya haura awa biyu. Da na ba ta labarinmu ba ta ce komai ba sai tace "Ku nemi fayil ɗin."

Fayil ɗin nan shi ne shari'ar gaba ɗaya. Ga dalili.

A kotu ba a cin shari'ar sakacin asibiti da kuka ko da rantsuwar cewa an wulaƙanta mu. Abu huɗu lauya zai tabbatar. Cewa asibitin ya karɓe ta, nauyin kula da ita ya hau kansa, wannan mai sauƙi ne, kati da rasit sun isa. Cewa abin da aka yi mata ya gaza abin da ma'aikaci mai hankali mai irin wannan horon zai yi a irin wannan halin, wannan mizanin ya samo asali ne daga wata shari'ar Ingila ta 1957 da ake kira Bolam, kuma kotunanmu na aiki da shi, ma'anarsa ba a neman likita ya zama gwanin gwanaye, ana neman kada ya faɗi ƙasa da abin da 'yan uwansa ƙwararru za su yarda da shi. Sai na uku wanda shi ne ke kayar da mafi yawan mutane: cewa gazawar ce ta jawo mutuwar, wato da an yi daidai da jaririn ya fi kusa da rayuwa. Lauyan asibiti a nan zai tsaya, yace ko da an shiga tiyata ƙarfe sha biyu ma yaron ba zai yi rai ba, ko yace tun a gida ya galabaita, kai kuma da me za ka ƙaryata shi in ba rubutun da ya nuna ƙarfe kaza bugun zuciya kaza ba? Na huɗu shi ne asarar da aka yi.

Kuma duk wannan ba bakinka zai faɗa ba, sai wani likitan haihuwa ya zo ya tsaya gaban alƙali ya ce abin da abokin aikina ya yi ba daidai ba ne. Ka duba Zamfara, likitocin mata nawa ne gaba ɗaya, duk sun san juna, wasu ajinsu ɗaya a Sakkwato ko Zariya, wani shi ya koyar da wani. Samun mai ba da wannan shaidar yakan zama sai an tsallaka wata jiha, kuma kai za ka ɗauki nauyin zuwansa. Wasu na cewa ai akwai ƙa'idar da ke cewa abu idan ya bayyana ƙarara ba ya buƙatar dogon bayani, gaskiya akwai, amma a duba shari'ar Ojo da Gharoro da Kotun Ƙoli ta yanke a 2006: mace ce aka yi wa tiyata a asibitin koyarwa na Benin, guntun allura ya karye ya zauna a cikinta, duk da haka ta faɗi shari'ar, saboda likitoci sun yi bayanin yadda abin ya faru ita kuma ba ta kawo ƙwararren da zai rushe bayanin ba. Idan allura a ciki ba ta wadatar ba, ka ga jaririn da aka riga aka binne ba tare da wani bincike ba ai sai an tashi tsaye.

Akwai wani abu kuma da ya ba ni mamaki da lauya ya faɗa min. A dokar da muka gada daga Turawa, ɗan da bai fito da rai ba ba a ɗaukarsa mutum mai ƙara ta kansa. Da ya yi numfashi ko na minti kaɗan sannan ya koma, lissafin daban ne. Tunda bai yi ba, ƙarar ta uwa ce: wahalar da ta sha, tiyatar da aka yi mata a banza, raunin jiki irin su yoyon fitsari ko fashewar mahaifa idan ya faru, ciwon zuciya da damuwar da likita ya tabbatar, kuɗin da aka kashe. Shi ɗan da ake kuka dominsa kusan ba ya cikin lissafin. Nan ne na ga fiƙihunmu ya riga su nisa. Hadisin matan nan biyu na ƙabilar Huzailu sananne ne, ɗaya ta jefi ɗaya da dutse abin cikinta ya mutu, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hukunta diyyar ɗan cikin da ake kira gurra. A mazhabar Malikiyya ushirin diyyar uwarsa ce, wato kashi ɗaya cikin goma, duk wanda ya karanta Risala a zaure ya wuce ta wurin: dinari 50 ko dirhami 600. Akwai kuma hadisin da Abu Dawuda da wasunsa suka ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani alhali ba a san shi da ilimin magani ba to shi mai lamuni ne, kuma Ibn Rushd ya kawo cewa malamai sun haɗu a kan likita idan ya yi kuskuren da ya jawo asara diyya na hawa. Yadda za a ɗora sakacin ma'aikaci na yau a kan waɗannan asulla aikin malamai da alƙalai ne, amma asalin a fili yake: ɗan cikin nan yana da ƙima, kuma mai magani ana tambayarsa. Jihar da ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci tun 1999 bai kamata a ce a cikinta ne ake ganin tambayar likita kamar saɓo ba.

Shi ya sa maganar Kawu, duk da girmansa a wurina, ban karɓe ta ba. Komai ƙaddara ne, har da haɗarin mota, amma ba wanda ke cewa kada a tambayi direban da ya yi barci a kan sitiyari. Sayyidina Umar da ya juya da jama'a daga shiga Sham saboda annoba aka ce masa gudun ƙaddarar Allah kake yi, cewa yayi muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. Haƙuri yana tsakaninka da Ubangijinka. Yafiya kuma haƙƙin mai haƙƙi ce, kuma mai haƙƙin nan ita ce wadda aka tsaga wa ciki, ita ce nononta ya cika ya yi ta zuba kwana da kwanaki ba mai sha. Mu maza mukan yafe a madadinta tun tana kan gadon asibiti ba ta farfaɗo ba, ba wanda ya tambaye ta. Tunda ba a yi masa sallah ba, ba suna, ba zaman makoki na kirki, sai a ɗauka kamar ba a yi rashi ba, "Allah ya ba da mai albarka" kawai a wuce.

Yanzu ga inda al'adarmu da doka suke haɗuwa su rufe ƙofa ba tare da mun sani ba. Akwai dokar kare jami'an gwamnati, ta tarayya akwai, jihohi ma suna da irinta, wadda ta ce ƙarar da za a kai jami'in gwamnati kan abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa sai a shigar da ita cikin wata 3, kuma Kotun Ƙoli ta fassara cewa kariyar na iya shafar hukumomi ma ba mutum ɗaya kaɗai ba. Akwai togaciya, lauyoyi na fafatawa a kansu, amma ba abin da za ka jingina da shi ba ne. Wasu asibitocin kuma dokar da ta kafa su ta ce sai ka ba su sanarwa a rubuce kafin ka kai su kotu. To lissafa: mace ta fito daga tiyata, sati biyu tana jinyar ɗinki, ta tafi gidan iyayenta wanka, kwana arba'in ba mai ɗauko mata maganar don kada a tayar mata da hankali, kafin ta dawo ɗakinta ta samu bakin cewa ni fa ban yarda da abin da aka yi min ba, rabin wa'adin ya tafi, kafin dangi su gama shawara a samo kuɗin lauya ya ƙare. Asibitin kuɗi wa'adinsa ya fi wannan tsawo sosai, amma talakan Zamfara ai a na gwamnati yake haihuwa. Mu haka ta faru da mu, ranar da na zauna gaban lauya ya ƙirga da yatsunsa ya girgiza kai.

Kotu ba ita kaɗai ce ƙofa ba, kuma a ganina ba ita ce ta farko ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa kowane asibiti ajiye bayanan majinyaci, ta ba majinyaci haƙƙin a yi masa bayanin halin da yake ciki da haƙƙin kai koke a bincika, ta kuma haramta ɓata ko sauya abin da ke cikin fayil. Sashe na 20 nata ya hana ma'aikaci ko asibiti ƙin ba da kulawar gaggawa bisa kowane irin dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba ko duka biyun, wato "je ka biya tukuna" ga mace mai zubar jini ba rashin tausayi kaɗai ba ne, laifi ne a doka. A 2018 kuma an ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata ta hannun hukumar kare masu saye, wadda yanzu ake kira FCCPC. Idan likita ake tuhuma akwai majalisar likitoci ta ƙasa, MDCN, ana kai mata koke da takardar rantsuwa ta kotu, tana da kwamitin bincike da kotun ladabtarwa da ke iya jan kunne, ko dakatarwa har wata 6, ko soke sunan likita daga rajista. Nas da ungozoma su ma suna da tasu majalisar. Sai dai a sani waɗannan ladabtarwa suke yi, ba sa ba ka ko kwabo, diyya sai kotu ko sulhu. Akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, akwai hukumar kare haƙƙin ɗan Adam, akwai hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali, da ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA. Ba na cewa duk suna aiki yadda ya kamata, amma takarda mai kwanan wata da tambarin "an karɓa" ta fi zagin da za ka yi a Facebook amfani sau dubu, zagin ma yana iya juyewa ya zama kai ake tuhuma da ɓata suna.

Wani zai ce to a ƙasashen da suka ci gaba fa? Su ma ba a ba su gaskiya a faranti ba. A Ingila binciken da wata babbar ungozoma Donna Ockenden ta jagoranta kan asibitocin Shrewsbury da Telford ya fito a watan Maris 2022, ya gano jarirai 201 da mai yiwuwa da sun rayu da an ba da kulawar da ta dace, 131 daga cikinsu ba rai aka haife su, kuma iyaye ne suka yi shekaru suna naci kafin a buɗe binciken. A Nottingham wasu ma'aurata da dukansu ma'aikatan asibitin ne, mijin ma likita, an haifi 'yarsu ba rai a 2016, da farko aka ce musu ba laifin kowa, suka ƙi yarda har bincike na waje ya tabbatar da gazawa, a 2021 aka biya su fam miliyan 2.8. Abin da ke maimaituwa a rahotannin nasu shi ne abin da ya faru da Innarmu a bakin ƙofa: mace ko mai jinyarta ta ce akwai matsala, ba a saurare ta ba. Bambancinmu da su shi ne su fayil na nan, ana binciken gawa da mabiyiya, kuma akwai asusun da ke biyan diyya a madadin asibitocin gwamnati.

Akwai abin da nake tsoro a wannan magana kuma dole in faɗe shi. Idan mutane suka fara neman haƙƙi, wanda ya fi sauƙin kamawa ita ce nas ɗin da ke bakin aiki, ita aka gani, ita ta yi tsawa. Tsawar da ta yi wa Inna har gobe tana min ciwo, kuma rashin sauraren cikin awa uku da rabi ba abin da zai wanke shi. Amma wa ya bar mutum biyu da ɗaki cike da masu naƙuda? Wa ya bar asibiti ba jini a ajiye, ba kayan tiyatar gaggawa a kabad sai miji ya fita nema ƙarfe uku na dare? Wa ya tsara likita ɗaya ya yi kwana biyu a jere yana kiran gaggawa, abokansa duk sun tafi Saudiyya ko Ingila? Doka ta san wannan, shi ya sa ake haɗa asibitin da hukumar da ke kula da shi a cikin ƙara, don mai gida yana ɗaukar laifin ma'aikacinsa, kuma asibiti da kansa yana iya zama mai sakaci idan tsarinsa ne ya gaza. Ƙarar da ta tsaya kan nas kaɗai ta bar masu sa hannu a kasafin kuɗi ba ta gyara komai ba, sai ma ta sa ma'aikata su riƙa tura duk mai matsala gaba don gudun abin da zai biyo baya, matar ta mutu a hanya. A ƙarshen 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata masu buƙata, abu ne mai kyau ƙwarai, amma kyautar ba ta da amfani ga jaririn da ba a saurari zuciyarsa ba sai da ta kusa tsayawa.

A cikin asibitocin kansu akwai tsarin zama a bibiyi duk mutuwar mai haihuwa ko jariri, ba kiran suna ba ɗora laifi, don a gano inda aka yi kuskure. Tsari ne mai kyau, sai dai iyaye ba sa ciki, ba a kiransu, ba a faɗa musu abin da aka gano. Ni kuwa duk iyayen da na zanta da su ban ji wanda ya fara da maganar kuɗi ba. Ƙanwata abin da take maimaitawa shi ne "Yaya, ni dai a faɗa min ƙarfe nawa ya rasu, ina jin motsinsa har bayan sha biyu." Da babban likita ya zaunar da ita da mijinta ya buɗe fayil yace ga abin da ya faru, nan mun makara, ku yafe mana, ga abin da muka canza, wallahi da maganar ta mutu a nan. Rufe-rufen ne ke kai mutane kotu.

Don haka wanda wannan ya same shi, Allah ya kiyaye, ga abin da na so a ce wani ya faɗa mana a daren. A samu mutum ɗaya cikin dangi mai natsuwa ya rubuta lokuta tun abin na sabo, ƙarfe nawa aka iso, wa ya duba, me aka ce, yaushe aka kira likita, yaushe ya zo, ko a waya ne a tura wa wani ta WhatsApp don lokacin ya zauna. Kada a yar da katin awo, takardar sikanin, rasit, har 'yar takardar kayan da aka ce a sayo. Kafin a naɗe jaririn wata babba ta dube shi da kyau ta ga yanayin fatarsa, wannan ba ya jinkirta binnewa ko da minti goma, kuma a tambayi ma'aikata me suka rubuta a kansa. A rubuta wasiƙa ga shugaban asibitin ana neman kwafin fayil da bayani, da sa hannun ita mai haihuwar don bayananta ne, a riƙe kwafin da aka buga wa tambari. A ga lauya cikin satin farko ko na biyu ko da ba a yanke shawarar ƙara ba, tambaya ce kawai, ba ta hana yafiya daga baya. Mu sai bayan wata biyar muka nemi fayil, aka yi ta mana gobe jibi, da ya fito takardar bibiyar naƙudar layi biyu ne kawai a cike, na lokacin da muka iso da na biyu da rabi, tsakaninsu fari fat.

Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 39 cikin 100 ne kawai na haihuwa ake yi a asibiti a Najeriya, a Arewa maso Yamma ko kashi 20 bai kai ba. Shekara da shekaru ana bin mata gida gida, ana shiga rediyo, ana roƙon sarakuna da limamai su sa baki a riƙa zuwa asibiti. Duk ƙunshin zanin da aka miƙo ba bayani yana rushe wannan aikin a unguwa guda, don mata na ba juna labari a gidan suna da bakin famfo. Ƙanwata yanzu tana da ciki wata shida, kuma tace ita a ɗakinta za ta haihu, alhali mai ɗinkin tiyata a mahaifa ita ce ta fi kowa haɗarin naƙuda a gida, mahaifar na iya fashewa. Ni da mijinta da Inna kullum muna kanta, jiya da ƙyar ta yarda ta koma awo a wani asibitin daban, da sharaɗin ranar haihuwa Inna ba za ta fita daga ɗakin ba ko wa ya ce ta fita. Mun riga mun samu mutum biyu masu irin jininta, lambobinsu na wayata.